Kabari Mai Hawa Biyu

Athol Rourke ya riga Noelene isa maƙabarta, kuma ta san da gangan ya yi. Ya ajiye a-kori-kurarsa a inuwar bishiyar turare ɗaya tilo da ke bakin ƙofa, ya bar mata rana. Haka yake tun da ta san shi. Mutum ne da ko kujera aka ba shi sai ya duba ko ta fi ta kowa tsayi.

Ƙanwarsa Glenys ce ke kwance a can layin ƙarshe. Ita da Noelene tun suna da baƙin gashi suke zaune gida ɗaya a bayan rumbunan alkama, har furfura ta cim musu. Sun yi rajistar zaman tare, don ita kaɗai doka ta yarje musu a lokacin. Glenys ta rasu lokacin sanyi. Kafin a girbe alkama aka kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, dokar ta sauya, aka ce irinsu ma su yi aure, amma ta zo a makare. Yanzu ƙasar kabarin ta zauna, lokacin kafa dutse ya yi, filin kuwa na dangin Rourke ne, Athol ke da ta cewa.

Zammit mai sassaƙa dutse yana tsaye da alli a hannu, yana korar ƙudaje da hularsa.

"Suna da shekaru na gama," ya ce. "Saura layin ƙasa. Me za a sa?"

"Aminiyar Noelene," in ji Athol.

"Matar Noelene," in ji ta. "Ina kwana, suruki."

"Ni ba surukinki ba ne. Kuma dutse ba ya ɗaukar ƙarya. Ba a ɗaura ba."

"Wa ya hana a ɗaura?"

"Ke kuma! Ƙuri'a ɗaya gare ni kamar kowa."

"Ƙuri'a ɗaya, da allon A'A mai girman ƙofar rumbu a bakin gonarka. A kan hanyar da nake kai ta asibiti, Athol. Tana kwance a kujerar baya tana karantawa. Ka san me ta ce? Ta ce, 'Yayana dai bai iya fenti ba.'"

Wuyan Athol ya yi ja. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ba Noelene haushi ke nan. Da mugu ne da ta tsane shi hankali kwance. Shi ya gyara musu rufi shekarar da iska ta yaye, shi yake kawo musu cinyar rago duk Kirsimeti. Yana ba ka komai da hannun dama, ya riƙe abu ɗaya a hagu, abin nan ɗaya kuwa shi kake so.

"Saurara, Noelene," ya ce. "Ranar da kuka yi rajistar nan wa ya tuƙa ku zuwa birni? Ni. Rabon gado, asibiti, gida, me aka hana ku? Abu ɗaya ne, suna kawai ya bambanta. Aure kuwa na namiji da mace ne tun kafin a haifi kakanmu, haka na ji a coci, haka zan mutu a kai. An ba ku ɗaki, kun ce sai kun rushe gidan."

"Abu ɗaya ne?"

"Sak."

"Madalla. Zammit, ɗauko gudumarka. Ga kabarin Beryl can. Goge 'matar Athol', ka sa 'abokiyar zamansa mai rajista'. Ai suna ne kawai."

Zammit ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya shiga duba ƙasan takalminsa.

"Kar ki ƙara sa sunan matata a bakinki!"

"Au, ashe suna na da zafi?"

Noelene ta ɗauka ta ci shi. Sai ya nuna tudun ƙasar da haɓarsa, ya sassauta murya, ita kuwa ta fi tsoron wannan muryar a kan ihunsa.

"Kin san me ya sa aka haƙa wannan da zurfi? Ita ta roƙe ni a asibiti. Mai hawa biyu ne. Gurbin sama naki ne, in na yarda. Na ce mata zan yarda, amma ban ce zan bar a rubuta abin da ba a yi ba a gefen kabarin uwata. To, zaɓi ya rage naki. Ki bar kalmar, ki samu gurbin. Ki nace, ki nemi naki filin a can bayan wayar shinge, ki rubuta abin da kika ga dama."

Noelene ba ta san da maganar ba. Glenys ba ta faɗa mata ba, mai zurfin ciki, har ta mutu tana shirya mata wurin kwana a ɓoye. Baƙin ciki ya kama ta, fushi ya biyo baya. Rayuwarta duka ana ce mata aminiya, a asibiti, a wurin biki, a bakin limamin coci ranar jana'iza, yanzu kuma za a sassaƙa mata ita a dutse da amincewarta. Ta so ta ce masa ya riƙe raminsa. Sai ta dubi can bayan waya, inda babu komai sai busasshiyar ciyawa, ta dubi nisan da ke tsakani.

"Rubuta aminiya," ta ce da Zammit. Kalmar ta fito mata da ɗaci kamar maɗaci. "Ka bar fili a ƙasa, sunana zai shiga."

"Ka ji dai," in ji Athol. "Na yarda, a gabanka."

Ya juya zai tafi da takun wanda ya yi nasara. Ta bar shi ya yi nisa kaɗan.

"Athol. Kafin ka tafi, nuna mini kabari ɗaya a nan da aka ɗora aminiya a kan aminiya."

Ya tsaya. Idonsa ya bi layin ba da son ransa ba. Ga na iyayensu, mai hawa biyu. Ga na tsohon mai kemis da matarsa. Ga na Beryl, da filin da aka bari babu rubutu yana jiran sunansa.

"Ko yaron goye a garin nan ya san wa ake haƙa wa mai zurfi," ta ce. "Ka ci kalmarka. Su karanta aminiya, su ƙirga mu nawa ne a ciki."

Ya dubi Zammit, ya dubi tudun ƙanwarsa.

Noelene ta sunkuya ta cire wata ƙaya da ta tsiro a gefen kabarin, ta jefar.

"Sai an jima, suruki," ta ce.

Wannan karon bai gyara mata ba.