Hannun Daman Wa?

Duk Asabar Abdulmuhaimin yakan taso daga Yelwa zuwa wani fili a bayan Ƙofar Wambai, inda makafi ke buga ƙwallo mai ƙararrawa a ciki. Don Allah yake zuwa. Aikinsa shi ne ya tsaya a bayan raga yana yi wa Zakka jagora da baki.

Zakka tela ne kafin ciwon ido ya raba shi da keken ɗinkinsa. Tun ranar farko ya ja wa Abdulmuhaimin kunne: "Ɗan'uwa, kar ka ce min 'can'. Ni ba ni da can. Dama ko hagu kawai."

Ran nan wasa ya yi zafi. Zakka ya taho a guje da ƙwallo, suna fuskantar juna shi da Abdulmuhaimin. Abdulmuhaimin ya duba ta hannun damansa, ya ga gola ya bar gefen a buɗe.

"Dama, Yaya Zakka, dama!"

Zakka bai yi wata-wata ba, ya karkata dama da iya ƙarfinsa, ya gwabza fuska da turken ƙarfen raga. Ƙwallon ta ci gaba da gangarawa ita kaɗai tana ƙara.

Abdulmuhaimin ya durƙusa ya tallabo kan Zakka. Haƙora biyu sun zube a ƙasa, jini ya jiƙe riga. Zakka ya laluba har ya kamo hannunsa, ya riƙe gam.

"Ɗan'uwa," ya ce a hankali, bakinsa cike da jini, "hannun daman wa ka ce? Naka ko nawa?"