Libarba Mai Gajeren Baki

Nagoda mai walda ne a Tudun Wada. Ƙofa da taga yake yi, sai gadon ƙarfe in an kawo. Bindiga kuwa ko a mafarki bai taɓa ƙerawa ba, sai da ƙanensa Mujahid ya jawo masa.

Mujahid ya daɗe yana bin 'yan fim ƙafa da ƙafa. Shi ne ɗauko kujera, shi ne sayo ruwan leda, kuma in ka ga ya fito a fim to ƙeyarsa ce a cikin taro. Ran nan Allah ya yi, wani darakta mai suna Ashraf da ke zaune a unguwar Kongo ya ba shi fitowar ɗan fashi, har da doguwar magana. Sharaɗin ɗaya ne, ya zo da libarbar wasa ta ƙarfe, irin ta kaboyi, wadda sai an ja kanta baya da babban yatsa kafin kowane harbi.

"Yaya, in ba ka yi min ba wani za a ba," in ji Mujahid. "Kuma wallahi ba zan sake samu ba."

Nagoda ya san gaskiya ya faɗa. Ya yanko rodi biyu ya ajiye a kan benci, ɗaya ya fi taƙi, ɗaya tsawon yatsa.

"Dogon za mu sa a bakin," ya ce. "Duk wanda ya hango ta ya san ta wasa ce. Ba ta shiga aljihu, dole a jefa ta buhun kayan fim."

"Haba Yaya! Ɗan fashi ne fa ni, ba maharbin ɓauna ba. Darakta ya ce daga ƙugu zan zaro ta. Wannan sandar in na soke ta a wando ai ko zama ba zan iya ba."

Suka yi ta ja har aka kira azahar. Nagoda ya dubi yaron nan da idonsa ya ciko, ya ture dogon rodin ƙarƙashin benci.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Ina! Mutumin da ya gaji da ƙofofi ya samu aikin nuna hannu. Ya goge ƙarfen har yana sulɓi, ya ƙona shi da baƙin mai. Ya fafe mariƙin da icen maɗaci. Ya ciro wani ƙaramin sifirin daga tsohon babur ya sa mata, yadda in an ja kan baya za ta ce ƙas. Bakin ma sai da ya ɗan huda shi don kyamara ta ga duhun rami. Wa ya aike shi? Ba kowa. Har maƙwabta ya kira su zo su gani, yana ta washe baki.

Ƙananan 'yan fim ba su da ɗakin sauya kaya, kowa daga gida yake shiryowa. Don haka ranar ɗauka, bayan la'asar, Mujahid ya fito da yagaggen wando da baƙar hula har gira, libarba soke a ƙugu, ta lafe kamar don wurin aka yi ta. Ya hau acaɓa. A Kwangila ya sauka, ya ɗaga riga zai laluba aljihu, mariƙin ya leƙo. A makon nan kuwa an addabi unguwar da ƙwacen waya. Wata mai suyar awara ta ƙwalla ihu, "Ɓarawo! Da bindiga!"

Jama'a suka yi masa ca. Ya yi ta cewa fim ne, fim ne, har aka maka masa katako a baki. Da kyar 'yan sintiri suka ƙwace shi.

Da labari ya kai wa Nagoda, ya iso ofishinsu, wani ɗan shago mai benci ɗaya, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Mujahid na kwance a ƙasa, muƙamuƙinsa ya goce gefe, haƙoran gaba babu. Libarbar na kan tebur gaban kwamandansu, wani dattijo mai furfura a gemu.

"Ni na yi ta," in ji Nagoda. "Rodi ne, Malam. Rodin gini."

Ya zaro ƙusa daga aljihu ya zura a bakin. Ko tsawon gaɓar yatsa ba ta shige ba ta tsaya. Kwamanda ya karɓa ya gwada da kansa, ya juya ta, ya ja kan baya. Ta ce ƙas. Yaransa suka matso suna leƙe.

"Ikon Allah," ya ce. "To ai sai haƙuri. Mutane ba su da laifi, ni kaina na rantse ta gaske ce."

A nan wayar Mujahid ta yi ƙara a aljihunsa. Nagoda ya ɗauka. Ashraf ne, ya ji labari. Ya yi Allah ya sawwaƙe, ya yi Allah ya kiyaye gaba, sannan ya ce rana na faɗuwa, ya riga ya sa wani yaro a wurin. Ko za a iya aiko musu da bindigar?

Nagoda ya kashe wayar. Ya rasa wanda zai zaga, don duk inda ya duba aikin hannunsa yake gani. Ya durƙusa ya ciccibi ƙanensa zai kai shi asibiti. Mujahid ya ji abin da aka faɗa a waya, ya buɗe baki zai yi magana, jini kawai ya fito.

Sun kai bakin ƙofa kwamanda ya biyo su, libarbar na hannunsa yana shafa ta.

"Malam mai walda, wallahi hannunka na da kyau. In yaron ya samu sauƙi ka yi wa yarana irinta, don tsorata ɓarayi. Daidai wannan tsawon fa, kada ka ƙara ko kaɗan."