Ba a Ce Mata Ta Zauna Ba

Raliatou, mai jinyar Malam Sabo, ta riga ta sa takalmi ɗaya lokacin da numfashinsa ya canja. Ɗan Juma, maƙwabcinsa a hawa na shida a Rillieux, ya san irin wannan numfashin. Ya kira ɗan tsohon, Mika'il, da ke can Stains, gari mai nisa, ya ƙara muryar wayar, ya ajiye ta kan bargo.

"Jikin babanka ya yi nisa. Ga Raliatou za ta fita, wata tsohuwa na jiran ta a Saint-Fons. Ce mata ta zauna."

Mika'il ya ce, "Madam, in kina da hali. Ke ke da lokacinki."

Da can Yaya yake ce mata. Ta daɗe tana yi wa tsohon wanka, tana dama masa kunu. Sai kamfanin da ya haɗa su ya ja wa Mika'il kunne: mai zaman kanta ce, kada ya ba ta umarni, kada ya yanka mata lokaci, in ba haka ba hukuma ta ɗauke ta ma'aikaciyarsa, shari'a ta hau kansa. Tun ranar bakinsa ya koma na lauya.

"Mika'il," in ji Raliatou, "in na ƙi zuwa can don raɗin kaina, cire ni kamfanin zai yi. In iyali suka tsai da ni, ina da abin faɗa. Ka ce kawai."

"Ba ni da ikon cewa, Madam. Ki fahimce ni."

"Wanda ya haife ka ne kwance nan," in ji Ɗan Juma.

"Na sani, Baba. Ina hanyar tasha."

Wayar ta mutu.

"To ni na ce ki zauna," in ji Ɗan Juma.

"Kai maƙwabci ne, Baba. Ba su san da kai ba."

Ta jiƙa auduga, ta shafa wa tsohon a leɓe, ta nuna wa Ɗan Juma yadda ake yi. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yafe mini." Sannan ta sa ɗaya takalmin.

Ɗan Juma ya ja kujera, yana maimaita kalmar shahada kusa da kunnen Malam Sabo. Da ya ga idanu sun fara kafewa, ya tashi don ya juya shi ga alƙibla. Raliatou da jan zane ɗaya ta saba juya shi. Shi kuwa masana'anta ta daɗe da cinye masa baya. Ya ja, ya sake ja, tsohon bai motsa ba.

Bayan azahar rai ya yi halinsa, yana rigingine.

Ɗan Juma ya rufe masa ido, ya karkata fuskar kaɗai zuwa gabas. Da ya saki, sai ta koma. Ya sa tafin hannu ya tallafe kuncin, ya zauna haka. A waje lif na hawa yana sauka, bai tsaya a hawansu ba.