Hannun Baba a Allo

Ni ce mai miƙa wa Baba kayan aiki a ɗakin tiyata. Baba muke kiran babban likitan kunne, tun kafin furfura ta fito masa. Rabin rayuwarsa a duƙe ya yi ta, ido manne da madubin ƙara girma, har wuyansa ya ƙage. In ka kira shi ta baya, da jiki duka yake juyowa.

Shi ya yi ta naci har aka sayo sabuwar na'urar. Kyamara ce mai leƙa cikin kunne, ta jefa hoton a ƙaton allo, likita na zaune a miƙe yana aiki.

"Sista, wannan za ta ƙara min shekaru a bakin aiki," ya ce, baki har kunne.

Ranar farko wata mata aka kawo, da ƙari a bayan kunne, dab da jijiyar fuska. Ɗaki ya cika da ɗalibai, har da shugaban sashe, wanda Baba ya koya wa riƙon wuƙa. Ƙashin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya fito a allo kamar damtse. Bakin ƙarfen da ke hannun Baba ma ya fito, yana rawa.

Rawar ba sabuwa ba ce. Baba ya san ta, ya iya jira ta lafa tsakanin numfashi da numfashi sannan ya yanka. A da shi kaɗai ke ganinta. Yanzu har na bakin ƙofa ya gani.

Matar ta farka lafiya lau, bakinta bai karkace ba. Wallahi ko mutum ɗaya bai yi zancen wannan nasarar ba.

Da mako ya zagayo shugaban ya same shi, murya kamar zuma. "Ranka ya daɗe, asara ce iliminka ya ƙare a kan tebur. Ka tsaya gefen allo ka riƙa nuna wa yara."

Baba ya koma gefen allo. Ni ce na cika fam, har yau ban huce ba.

Jiya wani tsohon ɗalibinsa ke kan kujerar tiyata. Da aka iso jijiya, Baba ya miƙo min tafin hannu, idonsa na kan allo. Na kewaye hannun, na sa ƙarfen a hannun na zaune.