Ban Gani Ba

Malam Haruna ya fi shekara bakwai yana duba jini da majinar mutanen Kano a madubin likita na asibiti, aikin bai taɓa yi masa nauyi ba sai ranar da ya ɗora gilashin gwajin matarsa.

Wani tabo ne ya fito wa Husaina a damtse, fari-fari, bai fi faɗin kwabo ba. Ita ta ce ƙyasfi ne. Uwar mijinta, Inna Uwani, ta leƙa sau ɗaya ta ce da haka kuturta ta fara wa wata maƙwabciyarsu can unguwar Sheshe. Nan take ta sunkuci jikanta Shehu, ɗan wata huɗu, ta shige ɗakinta da shi. Kwana uku ke nan yaron yana kan nonon akuya, yana sha yana amayarwa, uwarsa tana jiyo kukan ta bango.

Haruna ya ɗan kankari gefen tabon, ya shafa a gilashi, ya rina, ya bi shi lungu-lungu har idonsa ya kawo ruwa. Ya sake wani, ya sake na uku. Ko ƙwayar cuta ɗaya bai gani ba. Da wani ne sai ya yi hamdala ya tashi. Shi kuwa an koya masa aikin, ya kuma koyu har ya zame masa ƙarfen ƙafa: a takarda "ba a gani ba" ake rubutawa, ba a taɓa rubuta "babu". Madubi abin da ka ɗora masa kawai yake nuna maka. Ya san mutum biyu da gilashinsu ya fita tas, bayan shekara suka dawo yatsunsu ba sa jin wuta.

Bayan la'asar ya iso gida. Inna tana tsakar gida da yaron a cinya.

"To, mai madubi, me ka gano?"

"Inna, sau uku na duba, ban ga komai ba."

"Ba shi na tambaye ka ba. Akwai ko babu?"

"Ai aikin namu ba ya cewa babu. Sai dai a sake dubawa bayan wata shida."

"In ba ka gani ba fa?"

"A sake."

"Har yaron ya yi gemu ke nan. Rantse min."

"Wallahi ban gani ba."

"Ko makaho zai iya wannan rantsuwar," in ji Inna.

Shehu ya sa kuka, irin kukan nan da babu ƙarfi a cikinsa. Haruna ya dubi yadda maɗigar yaron ta loɓa, tsoro ya kama shi, don ya san abin da mako guda zai ƙara yi. Ya matso kusa da ita.

"Wallahi babu, Inna."

Inna ta yi hamdala, ta miƙe da yaron ta nufi ɗakin Husaina. Ashe Husaina tana tsaye a bakin ƙofa, duk ta ji. Ta dubi mijinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Yaron ya jiyo ƙamshin uwarsa, ya fara zillo yana neman nono.

Sai Husaina ta mai da hannuwanta baya.

"Inna, riƙe shi tukuna," ta ce. "Malam, gobe ka sake dubawa."