Keken Malam a Shataletale

Malam ya matse birki har tayar baya ta yi ƙara. A bakin shataletale 'yan babur sun jera tayoyi sun cinna musu wuta. Motoci sun cushe kamar kullum, sai dai yau ba mai danna ham.

Ya san abin da ya kawo haka. Tun da kekuna masu batir suka cika gari, ma'aikata suka daina tsayar da babur da safe. Shi ma, da gwiwarsa mai ciwo, kaɗan yake taka feda injin ya ƙarasa masa, ya ratsa cunkoso ya isa makaranta kafin ƙararrawa.

Zai juya ke nan, wani ƙato mai sarƙa a hannu ya cafke kan keken.

"Sauka, tsoho."

"Ɗalibaina na da jarrabawa, bawan Allah."

"Mu 'ya'yanmu iska za su ci? Sauka!"

A gefe wata nas na zaune a ƙasa, farar rigarta duk toka, tana kallon nata keken a cikin wuta. Batirinsa ya fashe, ya watso tartsatsi, aka ɗauki sowa.

Malam ya ƙara damƙe kan kekensa da hannu biyu. Sarƙar ta sauka a kafaɗarsa, ta sake sauka ta tsaga masa gira. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Suka zube tare da keken, bai saki ba. Takalma suka dinga samun haƙarƙarinsa ta ko'ina.

"In ba zai saki ba a jefa su tare!" in ji wani.

Malam ya ji sanyin fetur a wuyan rigarsa, warin ya shige masa maƙogwaro.

"Ku matsa! Ku bar ni da shi!"

Ko a cikin hayaniyar ya gane muryar. Auta ne, ƙaninsa ɗan babur, wanda ya tashi a ɗakinsa bayan rasuwar mahaifinsu. Ya kutso da sandar ƙarfe, ya durƙusa ya ci kwalar Malam kamar zai shaƙe shi, ya kai baki kunnensa.

"Yaya, don Allah ka saki."

"Har da kai?"

"Wallahi ƙone ka za su yi. Saki."

Malam ya dube shi da idon da ya rage. Yatsunsa ba su motsa ba. A bayansu wani yana ta ƙyasta ashana, iska na kashewa.

Auta ya miƙe. Ya ɗaga sandar da hannu biyu ya sauke ta a tsintsiyar hannun yayansa. Ƙashin ya ce ƙas. Malam bai san yana da irin wannan ihun a cikinsa ba. Auta ya fizge keken, ya ja shi da gudu ya cilla a wuta da kansa. Jama'ar suka bi shi suna bubbuga masa kafaɗa, suka mance da mutumin da ke kwance.

Da 'yan sanda suka harbo barkonon tsohuwa, kowa ya kama gabansa. Malam ya ja jiki zuwa gindin wata rumfa, hannun na reto, yana tari.

Babur ya tsaya a gabansa. Idanun Auta jajir, majina da hawaye sun haɗe masa a gemu.

"Hau mu je asibiti."

Nas ɗin ce ta ɗaure wa Malam hannun da ɗankwalinta, ta tallafe shi ya hau.

"Yaya, riƙe ni da kyau, hanyar da ramuka."

Malam ya kalli bayan ƙaninsa, rigar ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya mayar da lafiyayyen hannun baya, ya lalubo ƙarfen kujera ya riƙe.