Ranar da Vernell Ta Ƙi Yin Waƙa

Shekara goma sha tara Vernell Tibbs tana waƙar jaz, an tafa mata daga Shikago har Faris, amma mahaifiyarta, Mama Ozella, ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallonta ba. Tsohuwar ta kafe cewa muryar da ta tashi a coci ba ta gidan giya ba ce. Wannan ya fi ci wa Vernell rai a kan duk zagin fararen fata.

A 1962 aka gayyace ta garinsu a jihar Jojiya, wasan la'asar. Ta kafa sharaɗinta na kullum: ba ta waƙa a zauren da aka ware baƙar fata. Mai zauren ya rantse ba za a ware kowa ba. Ana haka sai ga saƙo daga gida, wai Mama za ta zo. Kwana uku Vernell tana zaɓen waƙoƙi tana sokewa.

Da aka ɗaga labule, ashe mutumin ƙarya ya shirga mata. Farare sun baje a kujerun ƙasa, baƙaƙe an cusa su can saman bene. Ga Mama a sahun gaba na benen, ta hau wannan uban matakala da ciwon gwiwarta.

Cleophus mai fiyano ya yi mata raɗa, "Haba 'yar'uwa, yi ɗaya tak saboda tsohuwa, sannan mu yi zuciyar."

Ta so ta yi, wallahi ta so. Amma a benen nan akwai ɗaliban da suka sha kulki a zanga-zanga, kuma ita ce ta ce musu kada su sassauta. Ta matsa kusa da lasifika ta ce ba za ta buɗe baki ba muddin uwarta na sama, ta juya ta fice. Jaridu suka yi ta kambama ta.

A gida ta tarar da Mama tana soya kifi. Vernell ta ce bari ta rera mata a nan kicin.

"A'a," in ji tsohuwar. "Ta kicin na sha ji tun kina 'yar mitsitsiya. Waccan na je gani, da fitilu da makaɗa. Kin yi daidai, 'yata. Sai wani zuwan."

Daga nan gangamin yaƙi da wariya ya ɗauke ta, yau wannan gari gobe wancan, kullum tana cewa wata mai zuwa. Watan Nuwamba aka kira ta jana'izar Mama.

A coci limamin ya roƙe ta waƙa, ta tashi ta yi, Cleophus yana bin ta da fiyano. Waɗanda suka halarta sun ce ba ta taɓa waƙa irin ta ranar ba. Har ta tsufa, duk wanda ya faɗa mata haka, tashi take ta bar masa wurin.